Babu Albarka a Nan

Ku gyara zama, yau ba kare kaina zan yi ba. Na saba da kare kai, don a kwalejinmu ta horon malamai mata ni ce ke jagorantar muhawara, kuma ba a taɓa kayar da ni ba. Amma abin da bakina ya jawo mini a hutun Disamban 1975, ina 'yar shekara goma sha bakwai, babu alƙalin muhawarar da zai ba ni maki a kansa.

Sunana Kulu. Tun rasuwar Babanmu muke zaune da Inna a gidan yayanta, Kawu Jatau, a Tudun Wadar Gusau. Ɗaki ɗaya aka ba mu a ƙuryar gida, mai gadon ƙarfe da jeren kwanonin Inna da suka fara tsatsa ta gindi, sai akwatina na kwano da na jera littattafai a kansa. Kowane hutu Kawu yakan sa ni a mota zuwa Bilbis wajen kakarmu, in yi wata guda ina ɓarar gyaɗa ina sauraron labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Bana na ce ba za ni ba. Na samu aiki.

Aikin a kantin Malam Zakariya ne, wani Kirista ɗan kudancin Zariya da ya daɗe a Gusau. Kantin yana layin da ke kallon tashar jirgin ƙasa. Rediyo da rikoda da keken rubutu yake sayarwa, amma bana ya kawo sabon abu daga Kano: na'urar lissafi ta hannu, kalkuleta, 'yar ƙarama kamar sabulun wanka, mai cin batir, lambobinta jajaye suna haske kamar garwashi. Lokacin cinikin auduga ne, ga ma'aikata an yi musu ƙarin albashi, kowane akawu da malamin sikeli yana so a gan shi da ita a aljihu. Malam Zakariya yana neman wanda ya iya Turanci, ya karanta takardar bayaninta ya nuna wa masu saye, na tsawon hutu. Matarsa Madam Rahila ita ke koya mana ɗinki a makaranta, ita ta ba da sunana.

"Kanti?" in ji Kawu, yana zaune kan buzu a zaure yana yankan farce da reza. "Ɗiya mace ta tsaya bayan kanta maza na shiga suna fita?"

"Kawu, masu tallan fura tsakiyar kasuwa suke tsayawa, babu wanda ya hana su. Ni da zan zauna cikin inuwa, ga matar mai kanti kusa da ni, ni ce abin magana?"

Ya juya wajen Inna da ke durƙushe a bakin ƙofa. "Kin jiya? Wagga ɗiya taki ko sannu aka ce mata sai ta kawo hujja."

"A yi haƙuri, Yaya. Karatu na."

"Ba karatu ba na, hali na. Ubanta bai da wanga baki."

Sai da Inna ta yi kwana uku tana lallashi kafin ya yarda, bisa sharaɗin mayafi ba zai sauka daga kaina ba kuma magariba ta same ni a gida. Ina tashi ya ƙara da cewa, "Ki tuna mutanen Nahuce sun ce bayan cinikin auduga za su turo. In wata magana ta fito daga kantin nan, ni ba ni da idon da zan tarbe su."

Mutanen Nahuce, wato iyayen Tukur.

Tukur malamin dabbobi ne a Bungudu. Na fara ganinsa ranar da ya zo yi wa awakin gonar makarantarmu allura, wani bunsuru ya kayar da shi a gaban 'yan mata arba'in, ya tashi yana dariya ya fi kowa. Bafulatani ne. Mahaifinsa, Malam Jibo, wanda yake kira Baffa, yana da ruga a bayan Nahuce, kuma ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani shi ne shekara guda Tukur ya yi yana roƙonsa a kaina. 'Yar boko, 'yar birni, marainiya: ko ɗaya bai yi wa tsohon ba. Sai a 'yan watannin nan ya fara sassautawa.

Saƙonnin Tukur a bayan takardar allurar shanu suke zuwa, direban motar Bungudu ke ajiye mini su wajen mai shayin bakin layinmu. Wanda ya zo ranar da na fara koyon aiki cewa ya yi:

"Kulu, shanu ɗari biyu na yi wa allura yau, ɗaya ta taka ni. Ban ji zafi ba sai da na tuna sati biyu ban gan ki ba. Baffa yana saukowa. Jiya ya tambaye ni ko kin iya dama fura. Na ce kin iya. Don Allah ki koya."

Na mayar masa: "Ka gaya wa Baffa na iya raba dubu gida bakwai kafin ya ɗaga ludayi."

Amsa ta zo washegari, layi ɗaya: "Wannan ba zan gaya masa ba."

Sati guda aka ba ni in shirya kafin in kama aiki ranar Litinin. Na haddace takardar bayanin nan kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Da yake ba a barin na'urar ta fita daga kanti, sai na yanki kwalin sukari na zana mata maɓallai, kullum bayan la'asar in zauna a tabarma in sa Inna ta zama mai saye.

"Salamu alaikum, mai kanti," Inna za ta ce, tana tsince shinkafa a faifai. "Nawa abin ga?"

"Naira arba'in da biyar."

"Kai! Saniya ce? Na taya sule biyar."

"Inna, ba a tayi."

"To ki ce albarka mana, in ƙara sisi."

"Ba zan ce ba. Kuɗinta ɗaya ne ga kowa."

Ta yi dariya har shinkafa na zuba. Ni kuwa ba wasa nake ba. Ku fahimce ni, na tsani tayi tun ina ƙarama. Mai kaya ya faɗi abin da ya san ba shi ne ba, mai saye ya faɗi abin da ya san ba za a karɓa ba, wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara kwabo, a ɓata rabin yini a kan gwangwanin manja. A ƙarshe mai kaifin baki ya saya da arha, mai kunya irin Inna ta biya ninki ta dawo tana godiya. Na rubuta muƙala a kan haka a makaranta, har aka manna ta a allon sanarwa. Da na ji Malam Zakariya ya ce kamfanin Kano ne ya yanke kuɗin na'urar, ba a rage ko kwabo, sai na ji kamar an ba ni filin gyara ƙasa. Ranar Juma'a na samu farin kwali na rubuta BA A TAYI da jan alli, na jingina shi a kan kanta ba tare da na tambayi kowa ba.

Asabar ce ranar gwaji. Na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen agogo, wadda Inna ta ɗinka mini da ƙaramar salla, na ɗaura ɗankwali ya rufe kunne saboda Kawu, na yafa farin mayafi, na sa takalmin makaranta da na goge da man gyaɗa. Inna ta ɗiga mini turarenta a wuya ta ce, "Ki riƙa gaida mutane." Na ce to, hankalina yana kan maɓallin kashi cikin ɗari.

Da hantsi na sayar da guda biyu, ɗaya ga wani malamin sikeli daga Tsafe, ɗaya ga hedimastan wata firamare a Kwatarkwashi. Malam Zakariya ya ji daɗi, ya ce zai leƙa tasha ya karɓo kaya, in riƙe kanti. Madam Rahila tana ɗakin baya tana lissafin batura a kwali. Wani akawu mai ɗaure da laktaya yana gabana yana juya na'ura, sai aka yi sallama.

Wani tsoho ne dogo siriri, da malafa da shuɗiyar riga da ta koɗe a kafaɗa, sanda a hannu, jakar fata a rataye. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ƙamshin hayaƙi da man shanu ya riga shi isowa kanta.

"Sannu ɗiyata. Kin tashi lafiya? Ina gajiya? Ina mutanen gida? Mahaifiyarki tana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Me ake so?"

Ya dube ni kamar wanda aka katse wa tafiya. Sannan ya ce, "Ina abin nan da aka ce yana lissafi da kansa?"

Na ɗauko na kunna, na buga masa goma sha biyu sau goma sha biyu da sauri, jajayen lambobi suka fito. Ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Ta san yawan shanu?"

"In ka gaya mata."

"To in na gaya mata, mi ta ƙara mini?"

Akawun nan ya fashe da dariya. Tsohon ma ya yi murmushi yana kallona, yana jira in yi dariyar tare da su. Ni kuwa sai na ji kamar na'urar aka raina, ni aka raina, karatuna aka raina. Na haɗe fuska.

"Yarona nake so in saya wa," ya ce. "Yana aikin gwamnati. Nawa take?"

"Naira arba'in da biyar."

"Na taya ashirin."

Na nuna masa kwalina da yatsa.

"Ban yi boko ba, ɗiyata."

"An rubuta ba a tayi."

"To, ashirin da biyar."

A nan ne 'yar muhawarar ta tashi. Na gaya masa kuɗin kaya ɗaya ne ga mai malafa da mai laktaya. Na gaya masa tayi ɓata lokaci ne, kuma da shi ake cutar marasa baki. Na gaya masa ƙasashen da suka ci gaba ba sa tsayawa wannan ja-in-ja, shi ya sa suke ƙera na'ura mu muna saye. Wallahi har da ɗaga yatsa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"Na ji," ya ce a hankali. "Kin yi magana. Amma ɗiyata, ko ba ki sallama mini ba, ai kya ce mini albarka."

Na ce, "Baba, nan kanti ne, ba kasuwar ƙauye ba. Babu albarka a nan."

Kalmar ciniki nake nufi. Allah ya sani kalmar nake nufi, cewa a nan ba a faɗinta. Amma tana fita daga bakina na ji yadda ta sauka. Akawun ya ce "Subhanallahi" ƙasa-ƙasa, ya ajiye na'urar da ke hannunsa.

Tsohon ya dube ni. Babu fushi a idonsa ko kaɗan.

"Babu?" ya ce.

Ga ƙofa ya buɗe mini, jama'a. Da na ce, "A gafarce ni Baba, baki ne ya kuɓuce," da an yi dariya an wuce. Amma akawu yana kallo, kuma ban saba janye magana a gaban mutane ba.

Na ce, "Na dai gaya maka."

Ya sa hannu biyu ya mayar da na'urar kan kanta, ya goge fuskarta da hannun rigarsa inda yatsansa ya taɓa. "To, Allah shi kawo ta," ya ce. Ya sa takalmansa ya fita. Akawun ma bai saya ba.

Madam Rahila ta fito da kwalin batir a hannu. "Kulu, a kantin mijina kika ce babu albarka?"

"Madam, kalmar nake nufi..."

"Shekara goma sha takwas, kowace safiya sai mun durƙusa a bayan kantar nan mun roƙe ta kafin mu buɗe ƙofa. Ke kwana shida."

Da Malam Zakariya ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauke kwalina ya kifa shi a ƙarƙashin kanta. "Ni ma ba na rage ko kwabo," ya ce. "Amma mutum ya taya sau goma, sau goma zan ce masa albarka. Ko ya iso kuɗin, ko ya tafi ya dawo wata rana. Wanda ya taya kayanki cewa ya yi yana so. Me zai rage ki in kin yi masa addu'a?" Bai kore ni ba. Ya ce in zo Litinin.

Zan so in ce muku na koma gida ina nadama. Ƙarya ne. Hanya duka ina jera hujjoji a zuciyata, har na fara tsara sabuwar muƙala.

Lahadi bayan la'asar na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Tukur ba ya zuwa sai ya aiko da takarda, don haka na fito zaure da zanen gida da mayafin Inna, ko kwalli babu. Yana tsaye, bai zauna kan tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ko hular kwanon bai cire ba sai da na gaishe shi sau biyu.

"Jiya wani tsoho ya zo kantinku."

"Tsofaffi da yawa sun zo."

"Mai malafa. Mai shuɗiyar riga."

Na dafa bango.

"Bijimi ya kai kasuwa ya sayar, don ya saya mini na'urar saboda jarrabawar ƙarin girma da zan zauna. Ban san zai je ba. Ashe ya gaya wa Goggo, mahaifiyata, zai je ya ga na'ura ya ga mai na'ura. Kuɗin na cikin jakarsa, Kulu. Tun tuni na gaya masa arba'in da biyar ne."

"To me ya sa ya taya?"

"Don haka ake magana da mutane! Baffa ko goro bai taɓa saye bai taya ba. Hira yake nema da ke. So yake ya ji muryarki ta daɗe."

"Ban san shi ne ba, Tukur. Wallahi ban sani ba."

"Na gaya masa haka."

"Me ya ce?"

Ya juya hular a hannunsa. "Da faɗa ya yi da na ji daɗi. Da na matsa masa a kan maganar turowa gidanku, sai ya ce, 'Yarinyar ta gaya mini da bakinta. Ni ba na musu da mutum a kan abin da ya fi ni sani.'"

Na zame na zauna a ƙasa.

"Bana ma ya ce da kansa zai bi shanu mashekari, can kudu inda suke cin rani. Shekara biyar rabon da ya je, ƙannena ke kai su. Gobe ko jibi za su tashi. In ya tafi sai damina." Ya sa hularsa. "Shekara guda na yi ina gina maganar nan, Kulu."

Bai ce sai an jima ba. Na ji babur ɗin har ya sha kwanar masallaci.

Inna na bayan ƙyaure, ta ji komai. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni. Sai ta buɗe akwatinta ta fito da turmin atamfar da take ɓoyo tun takabar Baba, ta aika aka sayo goro ƙwarya guda. "Kawunki ba zai ji wannan daga bakina ba," ta ce. "Gobe da sassafe ki je ki roƙi matar mai kanti ta ba ki yini ɗaya. Nahuce za mu."

Madam Rahila ta dube ni ta dubi Inna da ƙullin goro, ba ta tambayi komai ba. "Ku je," ta ce.

Motar ba ta cika ba sai hantsi. Mun wuce Bungudu ina sunkuyar da kai kada in hango ofishin dabbobi. A Nahuce muka sauka, muka bi hanyar ƙafa ta cikin gonakin da aka girbe, karan dawa yana kama mini zane, takalmin makarantar nan yana cizona. Tun daga nesa na san mun makara. Garken babu komai sai kashin shanu da igiyoyin maruƙa a yashe, da toka mai ɗumi inda aka kwana ana hura wuta.

Wata dattijuwa fara, mai manyan 'yan kunne na azurfa, tana zaune gaban bukka tana kaɗa nono a gora. Idanun Tukur ne sak a fuskarta. Inna ta durƙusa, na durƙusa a bayanta. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da sanyi da dabbobi, kuma a karon farko a rayuwata na so kada gaisuwa ta ƙare.

"Sun tashi da asuba," in ji Goggo, ba tare da ta daina kaɗawa ba. Ta dube ni. "Ke ce ta kanti."

"Ni ce, Goggo. Na zo neman gafara."

Inna ta tura goro da atamfa gabanta. Ba ta taɓa su ba, ba ta kuma mayar ba. Ta zuba mana nono a ƙwarya ta ce mu sha. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

"Ya ce za ki zo," ta ce. "Na ce 'yar birni ba za ta taka kara ba. Ya ce za ta zo, mai zafin kai ba ta iya zama da abu a ciki."

"Bai bar magana ba?" Inna ta tambaya.

"Ya bari. Tambaya ɗaya ce, ya ce in ta amsa in aika masa da amsar ta hannun masu kai wa shanu gishiri can mashekari. A kanta zai yanke ko a turo gidanku ko a bari." Ta ajiye gorar ta goge hannunta a zane. "Ya ce in tambaye ki: da kin san uban Tukur ne a gabanki, da me za ki ce masa?"

Na buɗe baki. Amsar tana kan harshena, mai sauƙi: da na ce albarka, Baba. Sai na hango inda za ta kai ni. In na faɗi haka, na shaida da bakina cewa ladabina na wanda nake neman wani abu a wajensa ne, tsoho mai malafa da ba kowa ba kuwa ya ji abin da ya ji. In na ce da abin da na faɗa zan sake faɗa, na rufe ƙofar da hannuna.

Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Kulu, ana magana."

"Ƙyale ta," in ji Goggo, ta sake ɗaukar gorarta. "Masu gishiri sai Alhamis. An ce ta iya amsa da sauri. Wannan ta yi a hankali."